Zaren Rahila da Tsofaffin Ƙarafan Gareji

A wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wani mutum mai suna Zakka, masaƙi ne, ɗan masaƙi. Matarsa Rahila ita ke kaɗi, shi ke saƙa. In kaka ta yi, sai ta gurje auduga, ta shiɓe ta, ta zauna a ƙofar ɗaki da mazarinta tana kaɗa zare. Shi kuwa ya yi waɗari, wato ya ja zaren ya jera shi a tsawo, a filin ƙofar gida, ya shiga masaƙa, ya yi ta jefa ƙoshiya, ɗan katakon da ke ratsa zare cikin saƙa, har rana ta yi sanyi. Abin da ke fitowa daga masaƙarsa siririn ƙyalle ne, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, amma tsawonsa sai ka gaji da bi. Irin waɗannan ƙyallaye ake jerawa gefe da gefe a ɗinke, su zama zane, ko riga, ko mayafi.

Yawancinku ba ku taɓa sa irin tufar nan ba. Akwai fari, akwai saƙi mai baƙi-baƙi da ɗigon fari, akwai gwado na lulluɓa lokacin sanyi, akwai barage mai jan ratsi wanda ba a fito da shi sai ranar biki. Tufa ce mai kauri, mai kaushi a hannu, sabuwarta har takan ɗan ciji fata. Amma uwa takan ɗaura ta shekara da shekaru, ta bar wa 'yarta, 'yar ma ta ɗaura. A kwanakin nan ba a aure a ƙauyen, ba a suna, sai an biyo ta ƙofar Zakka.

Sai zamani ya juya. Yadin akoko na kanti ya fara zuwa, atamfa ta biyo baya da furanninta, sa'an nan shadda, da leshi, da yadudduka masu ƙyalli waɗanda in mace ta wuce cikin rana sai ka kare ido. Gwanjo kuma ya cika kasuwa. Ban ce sababbin tufafi mugaye ba ne, ni ma da nake ba ku labarin nan shadda ce a jikina, kuma ba ni da niyyar tuɓe ta. Amma mutane suka daina biyowa ta ƙofar Zakka. Da fari sukan tsaya su gaishe shi su ce za su dawo, daga baya gaisuwar ma sai daga nesa.

Ana nan Rahila ta kwanta ciwo, Ubangiji ya kira ta. Ta bar wani ƙunshin zare, na ƙarshe da hannunta ya kaɗa, fari tas, a cikin wata tsohuwar ƙwarya. Zakka bai iya taɓa shi ba. Ya bar masaƙa a tsaye har gara ta cinye itatuwanta, shi kuma ya zauna a gindin bango yana ramewa.

To, suna da 'ya guda, sunanta Afiniki, tela ce a birni. Mijinta Barnaba bakanike ne, garejinsa yana manne da gidansu. Da Afiniki ta ji halin da ubanta ke ciki, sai ta zo ta ɗauke shi. Bai kwashi kome ba sai ƙoshiyarsa da masefinsa, wato abin da ake buga zare da shi ya matsu, da ƙunshin zaren nan, da wani tsohon gwado da ya saƙa wa Rahila shekarar aurensu.

Afiniki tana ƙaunar ubanta ƙwarai, kada wani ya yi shakkar wannan. Ta gyara masa ɗaki, ta ɗinka masa manyan riguna na shadda, ta tattara tsofaffin kayansa ta kawar. In ya ɗauki tsintsiya sai ta karɓe. In ya ce zai ɗebo ruwa sai ta riga shi. Ba da daɗewa ba ta haifi 'ya mace, aka sa mata sunan kakarta, Rahila. Ko ita ma in tsohon ya miƙa hannu zai karɓa, sai uwar ta ce, “Baba, za ta ɓata maka riga. Kai dai ka huta, ka sha wahala a duniya.”

Kullum maganar ke nan, ka huta. Zakka ya huta har hutun ya fara cinsa. Da safe yakan sa shaddarsa ya fito ya zauna a kan benci a bakin gareji, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon surukinsa yana aiki.

A kusurwar garejin akwai wani tuli. Duk abin da Barnaba ya kwance daga mota ya ga ya gama aiki, can yake jefa shi: salansa da ta huje, boris da ya cinye, fanbel da ya tsage, ƙarafan birki, kujeru da soso ya leƙo, duk tsatsa da baƙin mai sun rufe su. Barnaba yakan ɗaga abu, ya juya shi, ya ce wa mai mota, “Wannan ya gama, sai sabo.” Sa'an nan ka ji ƙarar faɗuwarsa a kan tulin. In tulin ya yi yawa, sai 'yan gwangwan su zo da kurarsu ta turawa su kwashe, su kai inda ake narkarwa. Zakka yakan bi kowane ƙarfe da ido har ya faɗi.

Wata rana da hantsi ya fito kamar kullum, sai ya ga Barnaba a kwance a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kaɗai ke waje. Ya dubi abin da ya shimfiɗa ya kwanta a kai. Gwadon Rahila ne. Baƙin mai ya yi masa dabbare-dabbare, gefe guda kuma an goge sifana da shi.

Ba mugunta aka yi ba. Afiniki ce ta gan shi cikin tsofaffin kaya, ta ɗauka tsumma ne, ta ba mijinta. Da Barnaba ya fito ya ga inda idon tsohon yake, sai ya ce, “Baba, wannan abu akwai ƙarko. Kwali da buhu duk na gwada, ba sa jimawa, shi kuwa ko gezau.” Shi a ganinsa yabo ya yi. Zakka ya gyaɗa kai, ya tashi ya shige ɗaki, ran nan bai ci abinci ba.

Kashegari ya kira su duka biyu, ya ce, “Ku nema mini mota, gida zan koma.”

Afiniki ta ce, “Wane gida, Baba? Ba kowa can, ɗakin ma yana yoyo. Wa zai dafa maka?”

Ya ce, “Ba abinci zan je nema ba. Zan sari itace in kafa masaƙa sau ɗaya tak, in saƙa zanen da za a rufe ni da shi da zaren uwarki. In na gama sai in zauna in jira. Na ga yadda ake yi da abin da ya gama aiki, gara in kai kaina da kaina kafin a kwashe ni.”

Da Barnaba ya faɗi abin da ya faru a gareji, Afiniki ta gane gwadon nan na wa ne, sai ta durƙusa ta yi kuka mai zafi, ta roƙi gafara. Uban ya ce ya yafe, kuma da gaske ya yafe, amma bai janye maganarsa ba. Ta kira dattawan ikilisiya suka zo suka yi masa magana, suka yi addu'a, ya ce amin da ƙarfi, da suka fita ya ci gaba da ɗaure kayansa. Afiniki ta sani sarai, in ya tafi ƙauyen nan shi kaɗai, ba zai ga wata damina ba.

Barnaba mutum ne mara yawan magana. Ya bar su suka gama, sa'an nan ya zo ya tsuguna a gaban surukinsa, ya ce, “Baba, ba zan hana ka ba. Abu guda nake roƙo. Ka saƙa zanen a nan, mu ma mu ga yadda ake yi. Ranar da ka gama, ni da kaina zan kai ka har ƙofar gida.”

Zakka ya ce, “Da me zan saƙa? Garin nan naku ko itacen kirki babu, ko dutsen da zan ɗora wa kunkurun masaƙa ban gani ba, ko'ina siminti.”

Barnaba ya ce, “Kai dai ka faɗa mini aikin kowane abu.”

Ran nan kuwa 'yan gwangwan sun riga sun iso, sun fara lodi. Barnaba ya ce su dakata. Ya hau kan tulin yana tonawa, tsohon yana tsaye a gefe da shaddarsa yana bayani a daƙile, kamar wanda aka tilasta. Ya ce ana bukatar sanduna da za a kafa, Barnaba ya jawo bututun salansa ya miƙar da su. Ya ce akwai sandar da ake naɗe saƙa a jikinta, Barnaba ya zaro wani dogon ƙarfen sitiyari. Ya ce akwai ɗan abin da ke juyawa a sama, wanda igiyar matakan ƙafa ke ratsawa, Barnaba ya tsinci wani boris, ya wanke shi da kananzir, ya juya shi da yatsa. Yana ɗan kuka, ba za a ƙara sa shi a mota ba har abada, amma yana juyawa. Aka yanka fanbel aka yi maɗaurin ƙafa.

Saura kunkuru. Shi ne katakon da ake ɗaura ƙarshen zare a jikinsa can nesa, a ɗora masa nauyi don zaren ya miƙe, in ana saƙa ya riƙa rarrafowa a hankali zuwa wurin masaƙi. Barnaba ya ɗauko wani kaskon ƙarfe na birkin babbar mota, ya ɗora a kan guntun katako. Zakka ya ja ya ji nauyinsa, bai yaba ba, amma bai kushe ba. A ƙarshe aka kawo wata kujerar direba da ta yage, aka ajiye masa a inuwar bangon bayan gareji, inda akwai tsawon da zare zai miƙe.

Tsohon ya zagaya abin, ya yi 'yar dariya mara daɗi, ya ce, “Matattun ƙarafa za su saƙa zanen matacce. Ya dace.”

Barnaba ya ce, “Mota ce ta gama da su, Baba. Ai ba mota kaɗai ce aiki a duniya ba.”

Zakka ya juya wurin masaƙar. Ya tuɓe babbar rigar ya rataye, ya kwance ƙunshin zaren Rahila, ya daɗe yana riƙe da shi. Sa'an nan ya yi waɗari, ya ɗaura, ya zauna a kujerar direba, ya sa ƙafa. Da fari hannun ya yi nauyi, ƙoshiya ta faɗi ƙasa, zare ya tsinke, ya ƙulla. Kafin azahar hannun ya tuna. Sai aka fara jin wata sabuwar ƙara a bayan gareji, ƙwas, ƙwas, tana cuɗanya da bugun guduma.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Masu kawo gyara sukan leƙa su tsaya kallo, har wani direba ya manta da motarsa. Afiniki ta lura kwanon da take kai wa ubanta yana dawowa ba kome a ciki, amma ba ta yi murna ba. Kullum in ta leƙa sai ta ga ƙyallen da ke naɗe a ƙarfen sitiyari ya ƙara kauri, kunkurun nan kuma ya ƙara matsowa. Ta san ranar da zaren ya ƙare, ranar ce ubanta zai tafi. Takan tsaya a bayan ƙofa tana addu'a, ita kanta ba ta san me za ta roƙa ba.

Ran nan da tsakar rana ta fito kawo masa abinci, da 'yar a bayanta. Ta goya ta da wani yadi da ake yayi a lokacin, mai sheƙi, mai santsi kamar an shafa masa mai, ta ɗaure da gyale a kai. Kyau dai ba a magana, duk wanda ya gani sai ya sake dubawa. Yarinyar ta kai lokacin da yara ke zillo, tana ta harba ƙafa tana leƙen abin da kakanta ke yi. Kunkuru kuwa ya riga ya rarrafo har kusa da masaƙa, da kaskon ƙarfen nan a bisansa.

Afiniki ta sunkuya za ta ajiye kwano. Ƙullin ya saki. Yadin ya sulale, yarinyar ta zamo ta gefe, kanta ya nufi ƙarfen.

Tsohon da aka ce ya huta, wanda aka hana shi ɗaukar tsintsiya, shi ne ya yar da ƙoshiya ya miƙa hannu biyu ya cafe ta. Kwano ya kife, miya ta zube. Yarinyar ta tsala kuka don tsoro, amma ko ƙwarzane ba ta yi ba. Afiniki ta zube a ƙasa. Zakka ya rungume jikarsa a ƙirji, wannan kuwa shi ne karo na fari da ya riƙe ta ba wanda ya karɓe. Ta yi kuka ta gaji, ta kama gemunsa ta yi shiru.

Da numfashinsa ya dawo, sai ya ɗauki yadin ya murza shi da yatsu, ya ce, “Da wannan kike goyo? Wannan ai ko kansa ba ya iya riƙewa. Ina majanyinki?”

Ta ce, “Baba, na kasuwa na saya, bai jima ba ya saki. Irin na Mama kuwa na nema ban samu ba, an ce an daina yi.”

Majanyi, ga wanda bai sani ba, shi ne ɗamarar da uwa ke ɗaurawa a kan zanen goyo, ta tallafe yaro daga ƙasa, a ƙulle ta a gaba. Ba a son ta da santsi. Kaushin nan da ya sa mutane suka guje wa saƙar hannu, shi ne ke sa ƙullin ya kama ya zauna.

Zakka ya dubi ƙyallen da ke naɗe a ƙarfen sitiyari. Ya daɗe yana dubansa. Sa'an nan ya miƙa wa Afiniki 'yar, ya warware saƙar, ya gwada da kamu, ya zaro wuƙa ya yanka, ya sake gwadawa ya yanka. Ya tara su ya ɗora mata a hannu, ya ce, “Je ki hau kekenki ki haɗa mini su gefe da gefe. Ki bar bakin da geza.”

Afiniki ta ce, “Baba, ai zanenka ne. In ka yanke wannan, sauran ba zai isa ba.”

Ya amsa ya ce, “Wanda ya mutu ba ya zamewa, Afiniki. Ko da me kuka naɗe ni, zan zauna inda kuka sa ni. Wannan ce mai motsi.”

Ta tafi ta ɗinka, hawaye yana hana ta ganin allura. Ta dawo ta goya 'yar, ta ɗaura majanyin, ta ƙulla. Uban ya ce ta sunkuya, ta sunkuya. Ya ce ta yi tsalle, ta yi, tana kuka tana dariya. Ƙullin bai motsa ba. Zaren da Rahila babba ta kaɗa da hannunta ya riƙe Rahila ƙarama gam a bayan uwarta.

Ranar Lahadi Afiniki ta tafi sujada da leshinta mai kyau, da majanyin a kai. Da aka tashi, matan zumunta suka kewaye ta. Tsofaffi suna shafawa suna tuna iyayensu, masu goyo suna tambaya ina aka samo. Kafin a kai wata Lahadin, mata sun fara sallama a bayan gareji. Sauran zaren Rahila ya tafi a majanyin wata mai tagwaye. Da ya ƙare, wata tsohuwa da ke zama a bencin baya a ikilisiya, wadda ba wanda ya taɓa tambayarta abin da ta iya, ta aiko a gaya wa Zakka cewa mazarinta yana nan, in ana so.

Barnaba kuwa mutum ne mai cika alkawari. Da ya ga zaren fari ya ƙare, sai ya zo ya tsuguna, ya ce, “Baba, na ce ranar da ka gama zan kai ka gida. Ga mota.”

Zakka bai ko ɗaga kai ba, ƙoshiya tana ta kai da kawowa. Ya ce, “Ka ga alamar na gama? Matsa mini daga haske.”

Barnaba ya miƙe yana murmushi. Ya shiga gida ya fito da gwadon nan, an wanke shi an ninke, ko da yake tabon mai bai fita duka ba. Ya miƙa wa tsohon da hannu biyu. Zakka ya karɓa, ya shafa, ya mayar masa, ya ce, “Koma da shi ƙarƙashin mota. Bayanka yake tsarewa daga sanyin ƙasa, ai aiki yake yi. Da uwar matarka tana nan, da ita za ta fara ba ka.”

To, ga ma'anar misalin nan, ku kasa kunne.

Zakka shi ne kowane mutum da ya dubi kansa ya ce, nawa ya ƙare. Ba tsofaffi kaɗai ba ne. Akwai wanda aka sallama daga aiki, akwai gwauruwa, akwai wanda ciwo ya rage masa ƙarfi, akwai saurayin da ya faɗi cikin zunubi ya ɗauka Allah ya jefa shi kusurwa. Wataƙila wani yana zaune a nan yau da tufa mai kyau, yana waƙa tare da mu, a zuciyarsa kuwa zanen rufewa yake saƙawa. In kai ne, ina so ka ji ni da kyau. Gaskiya ne wani aikin ya wuce ka, ba zan ruɗe ka ba. Boris ɗin nan bai koma mota ba, Zakka ma bai koma zamanin da ake layi a ƙofarsa ba. Amma wanda ya ce ka gama, abu guda kaɗai ya san kana yi. Ubangiji da ya yi ka ya san sauran.

Abin da Barnaba ya yi a kan tulin ƙarafa, ɗan hoto ne na abin da Mai Cetonmu yake yi. Kura tana tsaye, an fara lodi, sai ya ce a dakata. Ba ya ƙyamar tsatsa, ba ya tsoron hannunsa ya ɓaci. Yakan ɗaga abin da kowa ya yar, ya wanke, ya sa shi a wurin da bai taɓa tsammani ba. Ku lura kuma, bai tsaya gardama da tsohon ba. Ya bar shi ya fara da baƙar niyyarsa, ya dai sa ƙoshiya a hannunsa. Haka Allah yakan yi haƙuri da mu, mu zo wurinsa da zuciya a karye, muna gunaguni, ya karɓe mu a hakan, ya juya aikin a tsakiyar hanya.

Afiniki kuwa, ku yi haƙuri, mu ne. Mu ne masu ƙauna da ke kashe mutum da hutu. Mukan ɗinka wa iyayenmu shadda, mu cika musu kwano, mu karɓe kome daga hannunsu, mu ɗauka mun gama biyayya. A ikilisiya ma haka muke yi, mu zaunar da dattawa a kujerar gaba, mu yi musu tafi, ba mai tambayarsu kome. Wannan abu yana ba ni baƙin ciki, gama na ga mutanen kirki da yawa sun shuɗe da abin da suka sani a cikinsu, alhali 'ya'yanmu suna zamewa daga bayanmu. Muna goyonsu da abubuwa masu ƙyalli, sababbi, masu daɗin gani, kuma ba laifi ba ne a so sabon abu. Amma ranar da rayuwa ta sa mutum ya sunkuya, sai an sami abin da ke riƙewa. Bangaskiyar da aka saƙa zare bayan zare, cikin yunwa da rashi da jiran amsar addu'a, tana da kaushi, wani lokaci har takan ciji fata. Tana hannun mutanen nan da muka ce su huta.

Zaren nan kuma shi ne sauran kwanakin da Allah ya bar wa kowannenmu. Ba wanda ya san tsawon nasa. Kana iya ƙarar da shi kana shirya wa kanka makoki, kana kuma iya yanka shi ka ɗaura wa wani. Rufewa ba aikinka ba ne, waɗanda ka bari za su yi, kuma wanda ya mutu cikin Almasihu ba tufar kabari ce abin damuwarsa ba, gama akwai wata tufa da aka tanada masa.

Saboda haka, kafin Lahadi mai zuwa, kowa ya nemi Zakkan gidansu. Kada ka kai masa sabuwar riga, yana da ita. Ka je ka zauna kusa da shi ka ce, Baba, koya mini, Mama, nuna mini yadda ake yi. In yaro ne a hannunka, miƙa masa ya riƙe, in rigar ta ɓaci akwai sabulu. Kai kuma da kake jin ƙarar kura a bakin ƙofa, kana cewa saura kai, ɗaga kanka ka duba kewaye da kai. Akwai wani ƙaramin rai da ke gab da zamewa, kuma hannunka ne ya fi kusa.